Riƙon Tsakani

An ɗauke wuta a Aboabo.
Na haska fitilar waya a kan ƙamus ɗin kawuna,
wanda gara ta cinye wa bango.
Jarrabawa jibi, ga kalma ta tsaya mini a maƙoshi: entaten.

Ni dai a bakin rediyo na san ta,
da jikin allon gidan rawa a hanyar Kejetiya,
inda ake ba da sidi ashirin a sayi dariya.
Ashe wannan ita ce autar ma'anoninta.

Ƙamus ya ce daga bakin Faransawa ta shigo,
su ma aro suka yi wurin Rumawa.
Ƙyalle biyu aka ɗinke,
ɗaya tsakani, ɗaya riƙe.
Na faɗa a fili don in ji ɗanɗanonta.

Baba Jatau na kishingiɗe a bakin ƙofa,
na zaci barci ya sace shi.
Ya ce, Fuseina, sake faɗi.
Na sake.
Ya ce, ai sana'ata suka rubuta, ko sisi ba su biya ni ba.

Ya ce, ɗakunan nan tara da kike gani cike da 'yan haya,
dā fataken goro ne a ciki,
na Sakkwato, na Yamai, na Wagadugu.
Ruwa ake fara ba mutum kafin a tambayi sunansa.
Kuɗinsu a ƙarƙashin gadona suke kwana,
ni ba na kwana.
Da safe in tsaya tsakaninsu da Maame Akosuwa,
ita da Asantanci, su da Hausa,
kowa na zagin kowa,
ni ina fassara zagin ya koma gaisuwa
har a yi sallama, a ɗaure huhu.

Na ce, wannan saukar baƙo ce, Baba.
Ina ban dariyar?

Ya yi shiru har sauro ya samu wurin magana.

Ya ce, akwai wani Bazabarme, Hamani,
sankara ta shiga huhunsa goma sha ɗaya,
jarin garinsu kaf.
Daren nan ya zauna yana kallon rijiya.
Kallon bai yi mini ba.
Na jawo tabarma na tare tsakaninsa da ita,
na ba shi labarin akuyar da ta shiga tirotiro ta ƙi biyan kuɗi,
da wani na ƙarya, da wani wanda ya fi shi ƙarya,
har ya yi dariya da hanci, ba da son ransa ba,
har ladan ya yi gyaran murya.
Ki tambayi littafinki
in ba riƙo ake kiran wannan ba.

Na koma shafin. Akwai sauran ma'ana a ƙasa,
da ƙananan haruffa:
a ba wa tunani masauki a zuci.
Ban gaya masa ba,
wata bakwai ke nan ina ciyar da wani tunani,
na tafiya Ankara, in Allah ya so har gaba da Ankara.
Amma tsoho ko a duhu yana karanta goshi.
Ya ce, shi ma baƙo ne, ba shi ruwa, ba shi tabarma.
Makullin gida dai a ƙugunki.

Ranar jarrabawa suka kawo zaɓi huɗu,
babu Hamani a ciki, babu rijiya.
Na zaɓi nishaɗantarwa, aka ba ni maki.

Da na dawo ya ce, me kika rubuta musu?
Na ce, abin da suke so.
Ya ce, madalla, kin iya saukar baƙi.
Ya miƙo ɓarin goro, mai ɗaci,
na karɓa da hannu biyu.